Kwandon Kalondu, Hoton Mbithe

Kalondu ta haura shekara hamsin ba ta san mene ne ƙyashi ba. Da ya tashi kama ta kuma, bai kama ta a kan miji ko gona ba. A kan wani ɗan kati ya kama ta, wanda bai kai tafin hannu ba.

A ƙauyenmu da ke gefen Wamunyu, duk macen da ta amsa sunanta mace tana saƙa kwando da zaren makonge, wani tsiro mai dogayen ganye masu kauri. A yanko ganyen, a kankare shi har fararen zaruruwan su fito, a shanya, a rina, sannan mace ta janye zaninta ta murza zaren a kan cinya. Kalondu tana da shekara bakwai kakarta ta zaunar da ita ta koya mata. An yi duka, an yi zagi, a banza: yarinyar bahaguwa ce, a cinyar hagu take murza zare, kuma saƙarta hagu take juyawa. Da kakar ta gaji sai ta ƙyale ta. Abin da aka so a raba ta da shi, shi ya zama hatiminta. Ko cikin kwando ɗari ka jefa na Kalondu, kowace mace a ƙauyen za ta zaro shi ido rufe, don ga juyin hagun, ga kuma tsauri, har ana tsokanarta wai kwandonta zai riƙe ruwa.

Ta yi makaranta har aji biyu na sakandare, fari ya kashe shanun babanta, ta dawo gida da Turancinta garau da haushinta. Ta auri Nzioka, magini, mutumin da kan wuni bai yi magana goma ba. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa na ciyawa ta ce masa ita ba za ta tsufa ƙarƙashin jinka ba. Sai ya fara tara dutse. Shi yana sassaƙa dutse ranar da ba shi da aikin mutane, ita tana sayo kwanon rufi falle-falle da abin da kwandunanta suka kawo. Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka. Yau gidan yana nan: ɗaki huɗu, tankin ruwa da famfo a tsakar gida, faifan wutar rana a kan rufi, talabijin a falo. 'Yarsu Mutheu ma'aikaciyar jinya ce a Kitui. Kalondu tana alfahari da wannan gida, kuma ni ban ga laifinta ba.

Shingen makonge kawai ya raba ta da Mbithe. Tare suka taso, benci ɗaya suka zauna a makaranta, shekara ɗaya aka yi musu aure. Mbithe mace ce mai wushirya da dariyar da ake ji daga rafi, mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta direban babbar mota ya gina mata ɗaki biyu na kwano. Amma ba ta zama a ciki. Ta ce kwano zafi, ta gwammace madafinta na ciyawa, ƙafa ba takalmi, tana hira da duk wanda ya gifta. Saƙa kam tana yi, sai dai kwandonta ba ya tsayawa da gindinsa, kullum a karkace. Ita da kanta take fara yi masa dariya.

Ƙungiyar matanmu ta yi shekara shida tana aika kwanduna wa wata Ba'amurkiya mai suna Sharon, mai kanti a Ohayo, ba mu taɓa sa ta a ido ba. Sai ga shugabarmu, Ndinda, da labarin cewa matar za ta zo ta ɗauki hoton masu saƙa don masu saye su san su. Ba a yi gardama ba, gidan Kalondu za a fara kai ta, tunda rabin kwandunan da ake yabo nata ne.

Kwana uku Kalondu tana shiri. Ta sa Nzioka ya sake fentin baranda, ta shimfiɗa leshi a kan kujeru, ta fito da kofunan tangaran da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Ta sa rigar zuwa coci da takalmi mai ɗan tsini. Ta kunna talabijin ta rage murya, don dai a san yana aiki. Ta kuma ware kwandon da ya fi kowanne, baƙi da ja, wanda za ta ba baƙuwar kyauta.

Sharon ta iso da hula mai faɗi da gorar ruwa a rataye. Doguwa ce, mai fara'a, ba za ka ce da ita muguwa ba. Kalondu ta tare ta da Turanci tiryan-tiryan, sai matar ta buɗe baki.

"A ina kika koyi Turanci haka?"

"A makaranta," in ji Kalondu. "Can bayan kasuwa take."

Sharon ta dubi falon, ta dubi talabijin, ta dubi leshin. "Nan gidanki ne? Naki na kanki?"

"Maigidana ya gina shi da hannunsa."

"To ruwa fa? Awa nawa kike tafiya kafin ki samo?"

Kalondu ta nuna mata famfo ta taga. Sharon ta ce madalla, amma madallar ba ta da gishiri. Ta tambaya ko zakuna suna damunsu. Kalondu ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin zaki, ranar da makaranta ta kai su Nairobi, kuma barci yake yi a bayan waya. Matar ta zaro wata 'yar fitila daga jaka da niyyar kyauta, ta ɗaga kai ta ga ƙwan lantarki, ta mayar da abarta. Ta sha shayi rabin kofi. Kyamarar da ke wuyanta ko taɓa ta ba ta yi ba.

Da za su fita Kalondu ta ɗauko kwandon ta biyo su, da nufin miƙa shi a bakin mota. Sai Sharon ta hango hayaƙi yana fita ta jinkar madafin Mbithe.

"Can fa? Wa ke zaune a can?"

Suka tsallaka shinge. Ga Mbithe a kan buzun akuya, zani a janye, tana murza zare, tukunyar wake tana tafasa a kan duwatsu uku, kaza tana kiwo a gefenta. Sharon ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta ce wannan ita ce Afirkar da take mafarki tun tana yarinya.

Mbithe ta ji kowace kalma, ai aji ɗaya suka yi da Kalondu. Amma sai ta washe wushiryarta ta ce wa Ndinda da yarenmu, "Ke, duk abin da take son ji ki gaya mata. Ni dai kada wakena ya ƙone."

Aka zo ɗaukar hoto. Kwandon da ke hannun Mbithe ya karkace kamar kullum, Ndinda ta dube shi ta ji kunya. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta fizge na hannun Kalondu ta ɗora a cinyar Mbithe. Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas. Kalondu tana tsaye a bakin ƙofa cikin takalminta mai tsini, Sharon har cewa ta yi ta ɗan matsa, tana tare haske.

Bayan wata huɗu katunan suka iso. Fuskar Mbithe ce tana dariya, kwandon baƙi da ja a cinyarta, juyin hagunsa ɓaro-ɓaro ga duk mai ido. A baya an rubuta cewa wannan kwando aikin hannun Mbithe ne, gwauruwa da ke tafiyar awa huɗu neman ruwa, wadda ba ta taɓa mallakar takalmi ba. Kuma umarnin shi ne kowane kwando a ɗaura masa katin, ko wa ya saƙa shi. Da hannunta Kalondu ta riƙa ɗaura fuskar Mbithe a wuyan aikinta.

Nan ciwon ya shige ta. Ba fushi ba ne, fushi yana wucewa. Ƙyashi ne tsagwaronsa, irin wanda ke sa abinci ya ƙi wucewa a maƙogwaro. Dariyar Mbithe da ta shekara arba'in tana ji ba ta dame ta ba, yanzu in ta jiyo ta daga bayan shinge sai ta tashi ta rufe taga. Ta canza benci a coci. In aka yabi girkin Mbithe sai ta ce gishiri ya yi yawa. Mutane suka sa wa maƙwabciyar tata suna Mbithe ta Amurka, duk baƙon da ya ratso yankin da kyamara can ake kai shi, ita kuwa ta tura takalmanta shida ƙarƙashin gado, wayarta kuma cikin buhun wake take kwana da wuni.

Wata rana suka yi kiciɓis a injin niƙa.

"Maman Mutheu, shiru haka? Ko na ci miki wani abu ne ban sani ba?"

"A'a, ina ni ina magana da manya? Yaya gajiyar ɗebo ruwa? Awa huɗu ba wasa ba."

Mbithe ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Ke dai ba ki da dama! Ni na rubuta? Turawa ne da haukansu. Da kin zauna a ƙasa ranar nan, da ke aka ɗauka."

"Kwandon wa ke cinyarki?"

"Naki mana. Kowa ya sani."

"Kowa a nan," in ji Kalondu. Ta ɗauki garinta ta wuce.

Ta je wurin Ndinda ta ce ita ba ta neman komai, sunanta kawai take so a kan aikinta. Ndinda ta ce ta riga ta gwada. Ta aika hoton Kalondu a gaban gidanta, Sharon ta amsa cewa hoton ya yi kyau, amma masu saye za su ce wannan matar ai ba ta bukatar taimako. Kalondu ta dawo gida ta tsaya tana kallon gidan da ta ba shekara goma sha ɗaya na ranta, karo na farko ta ji haushinsa.

Shekara ta zagayo, saƙo ya zo cewa Sharon za ta dawo, kuma za ta zaɓi mace ɗaya ta tafi da ita Ohayo, ta zauna a bajekoli tana saƙa a gaban jama'a. Kalondu ta yi ta nanata maganar a ranta. A gaban jama'a! A can ba kati ake kallo ba, hannu ake kallo. In har ta samu ta zauna a wurin nan, duniya za ta san wa ke juya zare hagu.

Washegari ta kori awaki daga tsohon ɗakin ciyawa da ke bayan gona. Ta kwashe kashin, ta bar kaɗan. Ta jera duwatsu uku, ta nemo tukunyar ƙasa mai tsagaggen baki, ta zaro rigar da ta yanke za ta yi tsumman goge-goge da ita. Sannan ta tuɓe takalmi. Ƙafar da ta shekara talatin a rufe ba ta san ƙasar Wamunyu ba: ƙaya ta shiga, dunduniya ta tsage, babban yatsa ya yi tuntuɓe farcen ya fita. Mako biyu tana ɗingishi zuwa gona da dawowa, tana cije baki.

Nzioka ya zuba mata ido har ya gaji.

"Maman Mutheu, awakin nan a ina za su kwana?"

"Na 'yan kwanaki ne. Kuma ranar da matar nan za ta zo, ka tafi wurin ɗan'uwanka."

"Kunyata kike ji, ko kunyar gidan?"

"Kai ba za ka gane ba."

"Haka ne," ya ce. Bai tafi ko'ina ba.

Da ranar ta zo, Ndinda ta shigo da baƙuwar ta hanyar baya, inda masara da bishiyar mangwaro suka kare gidan dutse. Kalondu tana zaune a ƙasa, hayaƙi yana yi mata yaji a ido, kwando a cinya. Ta shirya komai, har da karyayyen Turancin da za ta yi. Abu ɗaya ne ba ta shirya masa ba. Ita a wurinta Turawa ba sa bambance fuskokinmu, haka kowa ke faɗa, ta ɗauka matar za ta gan ta a matsayin sabuwar tsohuwa.

Sharon ta sunkuyo ta shigo, ta tsaya cak. "Kalondu? Ke ce mai shayin nan da kofuna masu fure! Me ya faru? Ina gidanki?"

Kalondu ta dubi Ndinda. Ndinda ta kau da kai. Sai Kalondu ta ji harshenta yana faɗin abin da ya fara zuwa masa.

"Ba namu ba ne. Aro ne. Mai shi ya dawo."

Ta bayan bangon ta ji wani ya ajiye abu a hankali, kamar bokiti, sannan takun ƙafa ya yi nisa. Ta san takun.

Sharon ta fashe da kuka, ta rungume ta, ta roƙe ta ta yafe mata, ashe bara rufin asiri take yi. Kyamara ta fito. Kalondu ta ɗaga kwandon sama, tana nuna juyin zaren, tana cewa a duba nan, hagu yake tafiya, irinsa ne a katin. Sharon tana cewa ƙwarai, ƙwarai, amma ta riga ta durƙusa a ƙasa, kyamarar tana kallon wani wuri daban.

Mbithe aka zaɓa. Sharon ta ce masu saye sun saba da fuskarta, su suke ta tambayarta.

Kwana biyu Kalondu ba ta fita ba. Nzioka ya mayar da awaki ɗakinsu, ya wanke barandar da suka ɓata. Sai a rana ta uku, tana miƙa masa shayi, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Tunda na aro ne, ki faɗa mini mai shi, in kai masa makullinsa." Daga nan ya koma cin abincinsa a waje, ƙarƙashin mangwaro.

Ana saura mako tafiya Mbithe ta tsallako shinge, ba dariya a fuskarta.

"Ƙawata, ki rufa mini asiri. Kin san hannuna. Ki ba ni kwandon da kika fara, in riƙe a can ina ɗan taɓawa."

Kalondu ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wanda ta kai rabi, mafi tsauri, ta miƙa mata har da murmushi. Ta san abin da take yi. Mai hannun dama ba ta isa ta ɗora a kan saƙar hagu ba, wurin haɗin zai yi tudu, ya karkace, kowa ya gani. Mako uku da Mbithe ta yi a can, da wannan tunanin Kalondu take samun abinci ya wuce mata. Ta san mugunta ce, kuma daɗinta take ji.

Mbithe ta dawo da ƙatuwar rigar sanyi da tari. Mata suka taru a inuwar ƙungiya, aka kewaye ta, ga wasu manyan kwalaye biyar a gefe, waɗanda motar da ta kawo ta ta sauke. Kalondu ta zauna can baya, wai ita saƙa ta kawo ta.

"Ku bari kawai!" in ji Mbithe. "Wata ta ja ni banɗaki tana koya mini yadda ake buɗe famfo. Na yi ta tafa hannu, ta ji daɗi. Wani tsoho ya ce wai a kan bishiya muke kwana? Na ce sai dai lokacin damina. Ya rubuta a takarda, na rantse! Kuma ba takalmi suka zaunar da ni, a kan siminti, sanyin nan har cikin haƙorina."

Aka yi ta dariya. Kalondu ta jira ta lafa, sannan ta ɗaga murya, a sanyaye.

"Kwandon da na ba ki fa? Kin iya ɗorawa?"

"Ina fa! Ya yi wani ƙusumbi a tsakiya, ni kaina kunya ta kama ni. Ke, shi aka fara saya. Mata biyu har da sa-in-sa a kansa. Wai nan ne ake ganin aikin hannu na gaskiya."

Kalondu ta sunkuyar da kai kan saƙarta, zaren ya ƙi shiga.

"Af, na kusa mantawa," Mbithe ta ce, tana nuna kwalayen. "Waɗancan naki ne. Ke kuma a can ai kin fi ni suna. Coci uku na gan ki a ƙofa."

Ndinda ta yanka igiyar kwali ɗaya. Takalma ne, na gwanjo, manya da ƙanana, wasu ƙafa ɗaya, wasu na dusar ƙanƙara masu gashi a ciki. A saman su akwai takarda mai sheƙi. Aka miƙa ta hannu zuwa hannu har ta iso baya.

Sunanta ne a sama, da manyan baƙaƙe, ba kuskure ko na harafi ɗaya: a taimaka wa Kalondu da takalmi. A ƙasa an ba da labarin matar da aka kora daga gidan aro. Hoton kuwa ya cika takardar, ƙafafu biyu daga idon sawu zuwa ƙasa, dunduniya a tsage, yatsa ba farce, kashin akuya a gefe. Ta juya bayan takardar ko akwai wani hoton. Babu komai.

"Ba su sa kwandon ba," ta ce. Ba wanda ya ji ta, don mata sun riga sun rufar wa kwalayen.

"Ku dakata, marasa kunya!" in ji Ndinda. "Maman Mutheu, taso. Ke za ki fara zaɓa, ai don ke aka aiko."

Kalondu ba ta tashi ba. Idonta yana kan Mbithe, wadda ke tsakiyar mata cikin rigar sanyinta tana tari tana dariya. Ta so ta ji kunya kaɗai, kunya ce ta dace da ita a ranar. Amma abin da ya taso mata ya tokare ƙirji shi ne tsohon ciwon nan, bai rage ko kaɗan ba. Ita Mbithe, ko ba komai, fuskarta aka ɗauka.